Katin Hajja Wadida

Shafi na 31

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, wayata ce ta faɗa ruwan wanki, ba jan aji ba ne. Ke kuma da kika rubuto min wai in daina wahalar da Rawya, ki yi haƙuri, yau ma ba ta ga ta zama ba.

*

Kilo arba'in da ɗaya.

Rawya ta karanta layin ya fi sau goma, tana tsaye a ɗakin adana katunan asibitin Kom Zarazir, zufa na bin bayanta. Sunan da ke saman katin na mahaifiyarta ne, ko harafi ɗaya ba a kuskure ba. Wadida Abdus-Sattar, shekara hamsin da ɗaya. Ciwo: ƙofar zuciya ta tsuke. Nauyi: kilo arba'in da ɗaya.

Hajja Wadida fa! Matar da duk direban tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, a garin nan ya san in ta shiga ba ya ƙara ɗaukar kowa. Rabonta da kilo arba'in tun kafin a haifi Rawya. Zuciya kuwa, takan hau bene hawa uku da kwandon burodi a ka, tana faɗa da maƙwabta, ko haki ba ta yi.

An cike katin shekara bakwai da suka wuce. Lokacin Rawya na jami'a a Alƙahira, babu kowa a gida sai ƙanwarta Shuruk, 'yar shekara goma sha shida, siririya kamar a hure ta ta faɗi. Shuruk ɗin da yanzu take gidan mijinta Sabri a Naga Hamdun, hayin kogi, da ciki wata tara.

Ku da kuka shigo mana a tsakiyar labari, ga yadda abin yake. Likitan zuciya ɗaya ne a duk gundumar nan, na'urar hoton zuciya ɗaya, ƙauyuka sun fi sittin. Shi ya sa aka ɗauko Rawya, injiniyar kwamfuta, ta haɗa manhajar da za ta riƙa tace masu ciki a ƙananan asibitocin ƙauye. Nas ta shigar da shekaru da bugun jini da haki da kumburin ƙafa, manhaja ta fitar da takarda. In ja ce, a tafi hoton zuciya. In kore ce, a koma gida. To amma manhaja sai an koyar da ita da majinyata masu ɗimbin yawa, katunan asibitin kuwa dubu shida ne kacal, doka kuma ta hana a fita da sirrin mutane waje. Sai Rawya ta sa kwamfuta ta nazarci dubu shidan nan, ta ƙago wasu majinyata dubu sittin waɗanda uwa ba ta taɓa haifa ba, masu kama da na gaske. Da waɗannan mutanen ƙaryar aka koyar da manhajar. Har taron ƙasar waje aka gayyace ta, aka tafa mata.

Sai jiya ta lura da wani abu. A cikin mutanen ƙaryar nan, ciwon ƙofar zuciya yana kama samari, yana kama tsofaffin mata, amma 'yan mata da amare kamar ya yi rantsuwa ba zai taɓa su ba. Manhajar kuwa abin da ta gani ta haddace. Wata biyu tana aiki a ƙauyuka bakwai, matan da ba su kai shekara talatin ba guda uku kawai ta ba wa ja.

Sati uku da suka wuce Shuruk ta turo mata hoton tata takardar. Kore shar. A ƙasa ta rubuta wa Ablarta, wato yayarta: "Injin Abla ya ce lafiyata lau."

Rawya ta cusa katin a aljihu, ta fito da sauri har tana ture kujera.

*

Madam Fikriyya tana bayan tagar rajista, inda take zaune shekara ashirin da bakwai. Hannu ɗaya riƙe da burodi da ta'amiyya, wato ƙosan nan garin, ɗayan yana buga hatimi, baki kuma yana yi wa wani dattijo faɗa a kan ya zo ba katin shaida. Duk wanda aka taɓa kwantarwa a asibitin nan, da rubutun hannunta aka kwantar da shi.

Rawya ba ta yi sallama ba. Ta shiga ta ƙofar gefe, ta ajiye katin a kan tebur.

Madam Fikriyya ta dubi katin, ta dubi Rawya. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da takarda. Sannan ta gaya wa masu layi za ta yi sallah, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba, ta ja murfin tagar ta rufe.

"Zauna, ya Bashmuhandisa."

Haka muke kiran duk injiniya a nan, amma a bakin Madam Fikriyya sunan kan fito kamar tsokana.

"Ba zan zauna ba. Wa aka auna?"

"Ni ba na awo. Rubutu nake."

"To wa kika rubuta?"

"Ga suna nan, kin iya karatu."

"Mamata ba ta da ciwon zuciya."

"Allah ya ƙara mata lafiya."

Rawya ta ji kanta ya ɗau zafi. Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Madam, don girman Allah. Shuruk ce?"

 Matar ta sa yatsa ɗaya ta juya katin. A bayansa, can ƙasa a kusurwa, akwai ɗan zagaye da aka yi da fensir, bai kai ƙwayar wake ba.

"Kin ga wannan?"

"Na gani."

"Duk katin da kika ga wannan a bayansa, sunan uwa ne, shekarun uwa ne, amma jikin na 'ya ne."

Yanzu kam Rawya ta zauna, ba don ta so ba.

Madam Fikriyya ta ɗora shayi a ɗan rishonta kamar an zo mata hirar yamma. Ta ce a shekararta ta farko a tagar nan aka kawo wata yarinya mai suna Ni'mat, an sa mata rana, saura wata biyu. Ita kuma sabuwar ma'aikaciya, ta rubuta gaskiya tsaf, suna da shekaru da komai. Ashe mai sharar ɗakin gwaggon ango ce. Kafin sati ya zagayo an aiko a karɓi gwal ɗin baiko. Da ma a nan ya tsaya da sauƙi. Ƙannen Ni'mat mata biyu, lafiyarsu ƙalau, babu wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofar gidan, don an riga an sa masa suna gidan masu ciwon zuciya. Ta ce har yau takan gamu da Ni'mat a kasuwa, kuma har yau ita ce ke fara kawar da kai.

"Tun daga ranar, uwa ta shigo da budurwa ta yi min wani irin kallo, na gane. Ba sai ta yi magana ba."

"Likitoci sun sani?"

"Likita yana ganin yarinya a gabansa, ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya rubuta mata maganin da ya dace da ita. Yana da ido. Abin nan naki ne ba shi da ido."

"Ƙarya kika rubuta a katin asibiti, Madam. Shekara ashirin da bakwai."

"Ƙarya?" Ta ɗaga gira. "Ke da aka ce kin ƙera mutum dubu sittin da babu su, har aka ba ki lambar yabo? Ni aƙalla nawa suna numfashi."

 Rawya ta so ta ce ba ɗaya ba ne. Ta so ta yi bayanin cewa nata mutanen an ƙago su ne don a rufa wa na gaske asiri. Sai ta ga ai ita ma matar abin da za ta ce ke nan.

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Kun tambaye ni?"

Madam Fikriyya ta ajiye cokali da ƙarfi. Ta ce wata huɗu ma'aikatan Rawya suka yi a ɗakin nan suna kwafe katuna a kwamfuta. Gaban kati kawai suke dubawa, ko ɗaya bai taɓa juya baya ba. Suna wuce ta safe da yamma kamar kujera. An kira likitoci taro, an kira baƙi daga Alƙahira, an ci kaji, ita ko ruwa ba a miƙo mata ba.

"Ke kanki sau ɗaya kika taɓa yi min magana. Cewa kika yi in rage ƙarar rediyo."

Wallahi gaskiya ne, kuma Rawya ta tuna ranar. Kunya ta kama ta har wuya.

"Guda nawa ne?"

"Ban ƙirga ba. Ga durowa nan."

Rawya ta miƙe ta jawo durowar masu ciwon zuciya, ta ciro katunan mata cike da hannu, ta shiga juya su a kan tebur. Zagaye. Babu. Zagaye. Zagaye. Babu. Zagaye. Tsofaffi 'yan shekara hamsin da sittin, masu nauyin 'yan makaranta. Duk 'yan matan da ta nema jiya a kwamfuta ta rasa, ga su nan a ɓoye a bayan iyayensu. Kwamfuta ta ɗauki wannan ta ninka shi sau goma, ita kuma da hannunta ta raba wa ƙauyuka bakwai.

Wayarta ta yi ƙara. Dakta Rif'at ne, shugaban aikin, karo na biyar ke nan tun safe. Gobe ake bikin kai manhajar ƙauyuka arba'in, yana son ta zo ta duba jawabinsa. Ta ɗauka, ba ta bari ya gama gaisuwa ba, ta ce a kira ƙauyukan nan bakwai a ce su kashe manhajar yanzu, duk wadda aka ba kore a dawo da ita. Ya tambaya ko ta san abin da take faɗa kuwa, an riga an buga katin gayyata. Ta ce ta sani, ta kashe wayar tana jin yana kiran sunanta.

Ta juyo ga Madam Fikriyya.

"Shuruk ta san tana da shi?"

"Ina za ta sani? Uwarku ce mata ta yi ƙarancin jini ne."

Sai abubuwa suka riƙa dawo wa Rawya. Allurar da ake yi wa Shuruk duk wata, wadda Mama ke cewa ta ƙarin jini ce. Yadda aka hana ta wasan guje-guje a makaranta wai don kunya. Madam Fikriyya ta ce shekara biyar Hajja Wadida na kawo yarinyar allura, ba ta taɓa fashi ba. Ana saura wata ɗaya biki ta daina, don kada miji ya tambayi allurar mece ce.

"Amma tsohon likitanmu, kafin ya yi ritaya, ya ja mata kunne a gabana. Ya ce ranar da yarinyar nan ta samu ciki, kafin a gaya wa kowa a fara kawo ta nan. Irin wannan zuciyar ba ta ɗaukar naƙuda sai an shirya mata. Uwarku ta rantse. To ki kwantar da hankalinki, in lokacin ya zo za ta kawo ta."

"Cikinta wata tara."

Kofin shayin ya tsaya a tsakanin tebur da bakin Madam Fikriyya.

"Me kika ce?"

"Wata tara. A Naga Hamdun take awo. An ba ta kore."

"Ba a kawo ta nan ba?"

"Ko sau ɗaya."

Matar da tun ɗazu ko gezau ba ta yi ba, sai ga shayi yana zuba a kan rigarta ba ta ma ji zafi ba. Ta ajiye kofin, ta tura wa Rawya katin da hannu biyu.

"Tashi, 'yata. Me kike jira a nan? Ni zan je wurin likita in sa a shirya gado. Ki kira su."

*

Rawya ta fito harabar asibiti, rana ta buge ta a fuska. Naga Hamdun na hayin kogi. Ta jirgin fito minti arba'in ne, in an dace yana wannan gefen. Ta gada kuwa sai an yi zagayen awa biyu. Ta kira lambar Shuruk tana kai da komo a gaban mai sayar da ruwan rake. Ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake kira.

"Na'am, Rawya."

Muryar Mama ce. Sati guda ke nan Hajja Wadida ta tare a gidan surukai tana jiran haihuwa.

"Mama, ina Shuruk?"

Mama ta ce tana hutawa. Ta ce jiya ba ta samu barci ba, in ta kwanta sai ta ce numfashi na ƙwace mata, sai da aka jera mata matashi uku ta kwana a zaune. Akwai ɗan tari kuma. Amma uwar mijin ta ce yaro ne ya taso ya danne ƙirji, ita ma haka ta yi a cikin Sabri. Tana magana da sauri-sauri, irin ta wanda ba ya son a samu wurin yi masa tambaya.

"Mama, ina asibiti. Katinki na hannuna."

 Rawya ta ji takun ƙafa, ta ji an rufe ƙofa. Da Mama ta sake magana, muryarta ta koma raɗa.

"Fikriyya ce ta gaya miki."

"Kati ne ya gaya min. Kilo arba'in da ɗaya, Mama."

"Ta warke."

"Ba a warkewa daga wannan."

"Ta warke, na ce miki. Wata takwas ban yi barci ba, kullum ina cewa gobe zan kai ta, gobe zan kai ta, in rasa abin da zan ce wa mijinta. Sai ga takardar nan. Ba ta likitan ƙauye ba ce, ba ta kowa ba ce, taki ce. Na ce 'yata ce ta yi abin nan, har ƙasar waje an yaba mata, ba za ta yi kuskure a kan ƙanwarta ba. Na yanka agwagi biyu na raba, Rawya. Na yi sujada a tsakar gida."

Rawya ta jingina da bangon asibiti. Da zaginta Mama ta yi da ya fi mata sauƙi.

"Manhajar ta yi kuskure, Mama. Ni na yi kuskure. Dole a kawo ta yanzu. Ba ni Sabri."

"Ki ce masa me?"

"Gaskiya."

"Ba za ki kashe mata aure tana kan gwiwa ba. Kin san mutanen gidan nan. Za su ce mun sayar musu da mara lafiya. Ki bari ta haihu, sai in san dabarar da zan yi."

"In ta fara naƙuda a gidan nan ba za ta kai haihuwar ba."

"Kul. Kada ki yi wa ƙanwarki baki."

Daga can ciki tarin ya taso. Ba irin tarin mura ba ne. Mai ruwa-ruwa ne, yana zuwa a jere ba ya barin mutum ya ja iska. Rawya ta ji ƙofa ta buɗe, ta ji muryar namiji yana tambaya da wa ake magana. Aka yi 'yar jayayya, wayar ta goga da wani abu.

"Bashmuhandisa? Sabri ne."

Sabri malamin lissafi ne a makarantar ƙauyen, mutum mai sanyin hali wanda ba ya yin abu sai ya ga dalili. Rawya ta ce ya nemi mota ya kai Shuruk bakin kogi yanzu, ita za ta jira su a wannan gefen da motar asibiti. Ya ce to, amma me ya faru? Yau da safe ma sai da ya kai ta asibitin ƙauye saboda tarin, nas ta sake shigar da komai, takarda ta sake fitowa kore. Ga ta nan a aljihunsa. Mahaifiyarsa ta ce babu mai ɗora mata suruka a jirgin fito cikin wannan rana da tsohon ciki, shi kuma ba shi da abin da zai ce mata.

"Takardar ba daidai ba ce, Sabri."

"Ke kika yi ta."

"Na sani."

"To ki ba ni dalili ɗaya da zan shiga in gaya wa Ummata. Ɗaya kawai."

A bayansa Rawya ta jiyo Mama, ba da ƙarfi ba, amma kowace kalma ta iso.

"Rawya, na haɗa ki da nonon da kika sha."

Tarin ya sake tasowa. Wannan karon ya daɗe.

Rawya ta rufe ido.

"Ciwon zuciya gare ta, Sabri. Ƙofar zuciyarta ta tsuke. Shekara bakwai ke nan, katin na hannuna. In naƙuda ta same ta a nan, za mu rasa ta."

 Har kukan kaji a tsakar gidan tana ji, da ƙarar fanka, komai tar kamar tana cikin ɗakin. A nan ne ta gane Sabri ya buɗe muryar wayar tun ɗazu, don mahaifiyarsa ta ji dalilin da kunnenta.

Muryar da ta fara fitowa ba ta Sabri ba ce, ba ta Mama ba ce. Siririya ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma tana neman iska.

"Abla... zuciyar wa?"